Littattafai Takwas Masu Jan Bango

Har yau in na wuce ta bayan aji na ji yara suna rera karatu baki ɗaya, murya na tashi tana sauka kamar ta masu daka, sai raina ya ɓaci. Matata takan ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Tun ina ɗan shekara tara nake da wannan ciwo, kuma na san wanda ya sa mini shi.

Garinmu yana tsakanin Bebeji da Kiru, ba wani babba ba ne. A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin aka gina mana makarantar boko, ɗaki biyu na ƙasa, aji ɗaya da aji biyu. Yaron da ya gama aji biyu, in an ga yana da kai, sai a tura shi Bebeji ya ci gaba. In ba a gani ba, ya koma gida, shi ke nan. Malamin aji biyu shi ne kuma shugaban makarantar. Mutumin birni ne, dogo, mai tsabta, kullum cikin farar riga da agogo a hannu. Ya riga ya sa a ransa cewa zaluntarsa aka yi da aka kawo shi cikin ƙauyawa, kuma a kanmu yake hucewa.

Mu talatin da 'yan kai ne a ajin, littafin karatu kuwa guda takwas. Kowane darasi yana da hoto a shafin hagu, labarinsa a shafin dama: jaki da mangala, mace a bakin rijiya, kaza da 'yan tsaki, maƙeri, motar gyaɗa, da sauransu. 'Yan bencin gaba su takwas su ke riƙe littattafan. Sauranmu da kunne muke bi. Malam zai tsaya a bakin taga ya faɗi layi, mu amsa, yana buga tsumagiya a kan tebur don mu tafi tare. Shi kansa ban taɓa ganin ya kalli littafin ba, duk yana kansa. Bayan an rera sau ba adadi, sai ya riƙa tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa mutum littafi ya karanta. Mai sauri ya matsa gaba, mai nawa ya ja baya. Ni a bakin ƙofa nake, don daga ni sai waje.

Laifina shi ne na ɗauki maganar malamin aji ɗaya da gaske. Wani saurayi ne mai sanyin hali, ya koya mana baƙaƙe a kan yashi, ya ce in an haɗa wannan da wannan sai su yi magana. To in ana rerawa baki ɗaya ni ma nakan bi, ba laifi. Amma da zarar an sa mini littafi a hannu sai in ga ai yanzu daga takardar ya kamata in ciro maganar. Sai in kalli baƙin farko, in nemo na biyu, in fara haɗa su. Kafin in gama, tsumagiya ta bugi tebur sau uku. Na huɗu a gadon bayana take sauka. Kuma da na ga hannun Malam ya ɗaga, baƙaƙen da na sani sarai jiya a kan yashi sai su ɓace mini, kaina ya zama fanko. 'Yan gaba kuwa su zuba karatu ba ko tuntuɓe. Ni a wautata na ɗauka idonsu ne yake gudu haka.

Duka ban damu da shi ba sosai, kowa ana dukansa. Abin da ban yafe ba shi ne ranar da Baba ya zo makaranta.

Babana baduku ne. Yana ɗinka takalma da gafaka da layu da linzami a zaurenmu, kuma a lokacin gemunsa ya fara fari, ya girmi Malam nesa ba kusa ba. Da ya ga kullum ina dawowa da shatar bulala, sai ya ɗinka wata gafaka ta jar fata, ya ƙawata ta, ya kai wa Malam. Ya cire takalmansa a bakin ajin, ya shiga ya durƙusa a gabanmu duka.

"Allah gafarta Malam, na zo ne a kan yaron nan. Ko akwai abin da za mu riƙa yi masa a gida?"

Malam ya karɓi gafakar, ya jujjuya ta, ya shinshina. Sa'an nan ya ce, "Baduku, ai kai ka san fata. Akwai wadda take jemuwa, akwai ƙirgin da ya bushe a rana, ko shekara ka yi kana jiƙa shi ba ya laushi. Kan ɗanka ƙirgi ne. Ƙarshen shekara ka zo ka ɗauki abinka."

Aji ya kwashe da dariya. Baba yana durƙushe, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya tashi ya sa takalmansa. Gafakar kuwa Malam ya rataya ta a ƙusa, bai mayar ba.

Daga ranar sunana ya koma Ƙirgi, har a bakin rijiya, har a bakin 'yan mata masu tallan gyaɗa. Kuma daga ranar na sa Malam a gaba. Babu irin sharrin da ban saƙa masa ba a raina: kunama a takalmi, ƙaiƙayi a kujera, maciji a akwatinsa. Sau ɗaya na soka wa tayar kekensa ƙaya, ya zane ajin gaba ɗaya, ya sa aka liƙe masa, kashegari ya hau abinsa. Ban ji wani sanyi ba. Ni ba ciwo nake so ya ji ba. So nake in gan shi a ƙasa a gaban mutane, yadda ya bar Baba.

Mutum ɗaya ne a ajin bai taɓa kirana da wannan suna ba, ɗan mahaucin garinmu. Shi ne na ɗaya a bencin gaba, abin alfaharin Malam. Allah ya ba shi kunne. In maroƙi ya yi waƙa sau ɗaya a kasuwa, da yamma sai ka ji ta a bakinsa har da kiɗan. Yakan zo zaurenmu da guntun balangu a ganye, ya ce, "Ɗan baduku, karɓi. Mu mu feɗe, ku ku ɗinka, ai gida ɗaya ne." Ina son yaron nan, ina kuma jin haushin saurinsa.

Daminar shekarar ta yi ƙarfi, rufin ajin ya yi yoyo daidai kan akwatin littattafai. Ƙarfen da ya riƙe shafukansu ya yi tsatsa ya cinye tsakiyar, gara ta bi gefe ta ci rabonta. Aka lallaɓa da su haka har kaka. Sai ga saƙo daga Bebeji cewa mai duba makarantu zai zo ya ji karatunmu, ya tabbatar da waɗanda za su wuce. Sunayen Malam ya riga ya rubuta su, kowa ya sani 'yan gaba ne. Amma da ya buɗe akwatin ya ɗaga littafi ɗaya, sai ya zube masa falle-falle a ƙasa. Ya tsaya yana kallonsu, ya ɗago ya bi mu da ido har ya zo bakin ƙofa.

"Ƙirgi, taso. Tunda kan ba shi da amfani, bari mu ga hannun. Kwashe ka kai wa ubanka. Kwana tara ya rage, kada in ga ƙafarka a nan sai da su."

Baba yana da aikin mutane a gabansa. Ya duba tarin takardun ya ce, "Kai aka ba, kai za ka yi. Zan nuna maka."

Koyarwar Baba daban take. Ba ya yawan magana. Zai ba ka ragowar fata da basilla ya bar ka ka ɓata, sa'an nan ya tambaye ka, "Ina ya karkace?" Sai ka nemo da kanka. In ka iya a fatar akuya, gobe ya miƙo maka ta tunkiya, don shi a wurinsa wanda ya iya ɗinki a fata iri ɗaya kawai bai iya ba tukuna. In ya ga ka fara huci, ya ce tashi ka ba awaki ruwa. Sau da yawa abin da ya gagari hannuna yau, da safe sai in tarar hannun ya iya, ban san lokacin da ya koya ba.

Kafin a ɗinka sai an jera. Gara ta cinye lambobin shafi a yawancinsu, don haka ba yadda zan san wane falle ne ke bin wane sai na karanta. Na shimfiɗa su a tabarma na ɗora tsakuwa a kan kowane. Babu tsumagiya, babu mai ƙirga mini bugu, sai ƙarar wuƙar Baba a kan katako. Shafin farko ya ɗauke ni daga hantsi har azahar. Amma littattafan takwas ne, kowane shafi sai na haɗu da shi sau takwas, a hargitse, ba a jere ba. Rana ta biyu na rage haɗa baƙaƙe da baki. Rana ta huɗu na ɗauki wani falle, sai kalmar "rijiya" ta faɗo mini gaba ɗayanta, ban haɗa komai ba. Na ɗauki wani, haka. Na tashi na shiga cikin gida na karanta wa awakinmu labarin maƙeri daga farko har ƙarshe. Murna ta kama ni, sai kuma haushi ya danne ta. Shekara guda mutumin nan yana dukana a kan abin da kwana huɗu na zaman lafiya ya ishe ni.

Rana ta biyar ɗan mahauci ya zo da balangunsa. Ya tsuguna yana kallon fallayen, ya ga hoton jaki, sai ya fara: "Ga jaki. Jakin Baba ne. Yana ɗauke da mangala. Za shi kasuwa." Ya tafi har ƙarshe, alhali labarin jakin yana can ƙarƙashin wata tsakuwa, nesa da shi. Sa'an nan ya ɗauki wani falle ta gefen rubutu, ya juya kai, ya ce, "Wannan kuma wane ne?"

Na ɗauka wasa yake. Na ce, "Karanta mana."

"To ai ba hoton."

Na kawo masa labarin jakin da kansa, na sa yatsa a tsakiya. "Wannan kalmar mece ce?"

Ya yi dariya. "Sai na faro daga farko in iso ta."

"Duk 'yan bencinku haka kuke yi?"

"To da yaya ake karatu?"

Na kawar da zancen. Na ci naman da ya kawo, muka yi hirar dambe, ya tafi. Ina zaune ina kallon fallayen nan, sai na ga abin da Allah ya sa a hannuna. Kowane falle gabansa labari ne, bayansa kuma hoton labarin da ke biye. In an jera su daidai, hoto yana fuskantar labarinsa. In aka sauya jerin, jaki zai fuskanci labarin rijiya, kaza ta fuskanci na maƙeri. Mai karatu ba abin da zai dame shi. Mai rerawa kuwa ya shiga uku.

Na watsa duk jerin da na yi kwana huɗu ina yi, na sake sabo. Duka takwas ɗin iri ɗaya na jera su, don kada wani ya bambanta ya tona. Na datse gefen da gara ta ci da wuƙar Baba, sauran lambobin da suka tsira suka tafi tare da shi. Na huda, na shafa wa zare kakin zuma, na ɗinka a hankali. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Baba ya yanko mini jar fata na yi musu bango.

Baba bai san boko ba, amma ya san aiki. Ya ɗauki ɗaya yana buɗewa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake buɗewa. Ruwan da ya zubo a akwati ya bar tabo a kowane shafi, kuma a littafin da aka jera daidai tabon hagu zai haɗu da na dama.

"Tabon nan bai haɗu ba," in ji shi.

Na ce, "E, Baba."

"Kuskure ne?"

"A'a, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Na san abin da yake aunawa: in abin ya tashi, sunan zaurensa za a kira, a ce baduku ya ɓata aiki. Ya rufe littafin ya ajiye a kan sauran, ya ce, "Ɗinkin dai ya yi." Ya koma kan takalmin da yake yi.

Ana gobe baƙo zai zo na kai su da la'asar. Malam ya shafa jan bangon, ya gwada ƙarfin ɗinkin da yatsa, ya ce, "Lallai hannun ya fi kan." Ya sa su a akwati ya kulle don kada yara su ɓata su kafin safiya. Bai buɗe ko ɗaya ba. Me zai duba a littafin da yake kansa?

Mai duba makarantu ya iso da hantsi a kan keke, wani gajeren dattijo mai tabarau, ya ɗaure ƙafar wandonsa da zare. Dagaci ya zo, iyaye suka cika bakin tagogi. Mahauci ya sa babbar rigarsa ya tsaya a tagar gaba, kusa da bencin ɗansa. Baba yana can baya. Aka raba wa 'yan gaba jajayen littattafai bakwai, biyu daga cikinsu suka haɗa ɗaya, dattijon ya karɓi na takwas ya zauna a kujerar Malam, ya buɗe inda ya ga dama. Allah da ikonsa, hoton jaki ya buɗo.

Ɗan mahauci ya miƙe, ya buɗe nasa, ya ga jaki, ya gyara murya. "Ga jaki. Jakin Baba ne. Yana ɗauke da mangala." A shafin da ke gabansa kuwa an rubuta cewa mace ta tafi rijiya da tulu da guga. Dattijon ya ɗora yatsa a layin farko, ya ɗago ya kalli yaron ta saman tabarau, ya sake duba shafin. Bai tsayar da shi ba, ya bar shi har ƙarshe. Ya buɗe wani wuri ya nuna na biyu. Na biyu ya ga kaza, ya rera kaza a kan labarin maƙeri. Na uku, na huɗu, har na takwas.

Wannan shi ne wurin da nakan koma in na so jin daɗi. Duk tsawon wannan lokaci Malam yana bakin taga, yana bubbuga tsumagiya a tafin hannunsa, yana gyaɗa kai, yana murmushi wa dagaci. Kunnensa yana gaya masa babu kuskure ko ɗaya. Ina bakin ƙofa ina kallonsa, ina roƙon Allah kada a yi saurin gamawa.

Dattijon ya ce a hankali, "Malam, zo ka duba mini nan."

Malam ya zo ya sunkuya. Na ga murmushin ya tsaya, na ga ya buɗe gaba, ya buɗe baya. Ya miƙe ya nuna taga da tsumagiya. "Ranka ya daɗe, aikin baduku ne! Jahili ne, ya hargitsa mini littattafai!"

"Na ga an sauya jerin," in ji dattijon. "Amma rubutun yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Cikin su takwas ba wanda ya lura?" Ya juyo gare mu. "Akwai wanda zai karanta mini abin da ke shafin nan?"

Na miƙe. Wani ya ce "Ƙirgi" ƙasa-ƙasa, aka yi 'yar dariya. Na karɓi littafin, sai idona ya faɗa kan tsumagiyar da ke hannun Malam, nan take baƙaƙen suka fara rawa. Dattijon nan ya gani. Ya miƙa hannu ya karɓi tsumagiyar, ya ajiye ta ƙarƙashin kujera, ya ce, "Ba tsere muke ba, yaro. Ɗauki lokacinka." Na fara karantawa: "Mace ta tafi rijiya. Ta ɗauki tulu da guga. Igiyar ta tsinke." Na yi tuntuɓe sau biyu, na gyara da kaina. Ya tashi ya rubuta wata magana a allo wadda ba wanda ya taɓa ji, a kan kekensa da hanyar Kiru. Na karanta ta. Bayana wasu biyu daga bencin baya suka gwada, wata yarinya da wani ɗan Fulani da ake duka kusan kamar ni, su ma suka lallaɓa suka fita. Daga bencin gaba ba wanda ya iya kalma ɗaya.

Dattijon ya yi wa Malam magana da murya ƙasa, ba mu ji ba. Amma mun ga Malam, da farar rigarsa da agogonsa, ya durƙusa a gefen kujerar yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," iyaye na kallo ta kowace taga. Na nemi Baba da ido. Ƙasa yake kallo. Ni kam na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya ragu ba.

Kafin sabuwar shekara aka ɗauke Malam aka kai shi can ƙasar Tudun Wada, wajen Doguwa, gindin duwatsu, inda mota ba ta shiga da damina. Gafakar Baba ya tafi da ita. Duk lokacin da na ji an ce hanyar can ta yanke sai in ce madalla. Da labarin rasuwarsa ya zo mini bayan shekaru, na ce Allah ya jiƙansa don haka aka koya mana, iyakar abin da na iya ke nan.

Mu uku muka wuce Bebeji. 'Yan gaba aka ce su maimaita aji biyu a hannun sabon malami. Wasu sun maimaita. Mahauci kuwa ya ce ba za a sake tara gari a kunyata shi ba, ya cire ɗansa ya kai shi mahauta.

Daga baya ni ma na zama malami, na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe alli, kuma duk abin da na sani game da kan yaro daga wancan zauren na samo shi. Kan yaro ba wawa ba ne. Yana neman hanya mafi kusa da za ta raba shi da duka, ya kama ta. In waƙa ce za ta cece shi, waƙar zai ɗauka ya bar maka karatun, kai kuma kana ta murna. Abin da ya koya yana maƙale da wurin da ya koye shi, da hoton, da muryar, sai ka raba su ka ga ko zai tsaya shi kaɗai. Shi ya sa nake rufe hoto da tafin hannu, in sa yaro ya fara daga tsakiya, in rubuta masa abin da bai taɓa ji ba. Ban taɓa riƙe bulala yaro na karatu ba. In ya cije, in ce je ka, gobe ma rana ce ta makaranta. Abokan aiki sun ce ina da taurin kai, ajina ba ya daɗin ji ta taga. Ban musa ba.

Na daɗe ina ba da labarin jajayen littattafan nan ina dariya, har wata ranar kasuwar Dangora. Lokacin na yi shekaru da fara koyarwa. Ina tura kekena ta layin mahauta sai na ji an ce, "Ɗan baduku!" Ɗan mahaucin nan ne, ya yi ƙiba, yana bayan teburinsa da wuƙa. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Sai ya goge hannu a riga, ya laluba aljihu ya ciro wata takarda da ta sha ninki.

"Malam, don Allah duba mini. Daga asibiti aka ba mai ɗakina, kwana uku ke nan. Wanda ya ba mu ya yi bayani da sauri, hankalina ba ya wurin. Na ji kunyar tambayar yara."

Na karanta masa: wane magani da safe, wane bayan abinci, wane ba a haɗa shi da wane, ranar da za a koma. Ya yi godiya. Ya ja wata cinya yana sara, sai na ji ya fara, daidai da bugun wuƙar: "Ga jaki. Jakin Baba ne. Yana ɗauke da mangala." Ya kai shi har ƙarshe, ba kalmar da ta faɗi. Ni da na ɗinka littafin na manta rabinsa. Muka yi dariya tare.

Ya ce, "Kai ka sauya su, ko?"

Na ce, "Ni ne."

"Na sani tun ranar. Na ga fuskarka." Ya ci gaba da sara. "Malam ɗin nan ya cancanci abin da ya samu, ban ce komai ba. Amma ran da na zo zaurenku, kwana nawa ya rage?"

"Huɗu."

"Kai a kwana nawa ka iya?"

Na san ya sani: kwana huɗu ne.

"Da kai irin nawa, ai biyu ma sun ishe ni," in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba. "Ka zauna ka cinye mini balangu, ba ka ce mini komai ba."

Gaskiya ce. Na san halin da yake ciki kwana huɗu kafin kowa, littattafan na hannuna, tabarma na nan, kuma na bar shi haka don da shi nake so in kayar da Malam. In da ya iya karatu, da ya lura tun a layin farko, da shirina ya rushe. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Ya yanki tsoka mai kyau ya naɗe mini, ya rataya a kan kekena da kansa. Sa'an nan ya sake miƙo mini takardar asibitin.

"Sake karanta mini, a hankali, in haddace."

Na karanta sau ɗaya. Ya maimaita mini daga farko har ƙarshe, bai yi kuskure ba.